Abin da Zayyanu Ya Binne a Filin Ƙwallo

Wata rana a farkon damina, wani dogon saurayi ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar wata kwalejin horar da malamai, jaka a kafaɗa, takalman ƙwallo a rataye a wuya.

Mu kira kwalejin Tudu, tunda a kan tudu take.

Sunan saurayin Zayyanu. Canjin makaranta ya yi, ya baro kwalejin Gangare da ke tsallaken kogi.

Kafin ya gama cike takardu a ofis, labarinsa ya riga shi isa ɗakunan kwana. Kafin azahar, ɗalibai sun rabu gida biyu a kansa.

In ba ka san tsakanin Tudu da Gangare ba, ba za ka gane dalili ba. Shekara tara a jere Gangare na fitar da Tudu a gasar ƙwallon kwalejojin jiha. Biyun baya-bayan nan ma a wasan ƙarshe ne, kofi na ajiye a kan tebur kowa na kallonsa.

Kuma wanda ya riƙa raba ƙwallon da aka ci su da ita, mai lamba goma a bayan riga, shi ne wannan Zayyanun.

Yau ga shi ya zo wai shi ɗan gida ne.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne Hambali, ciyaman ɗin magoya baya.

Hambali bai iya ƙwallo ba ko kaɗan. In ka ajiye masa ita daga shi sai raga, babu gola, gonar makaranta zai aika ta. Amma baki da ganga, a nan ba a ja da shi. In ya ɗauko waƙa, ɗalibi ɗari biyar ne za su amsa. In ya ce a yi wa ɗan wasa ihu, to yaron ya shiga uku.

Yana ajin ƙarshe. Shekara uku yana kaɗa ganga ana cin su, ya koma ɗaki da kumburarren hannu da dusasshiyar murya.

Bana kuma Tudu ce mai masaukin baƙi, a filinsu za a buga wasan ƙarshe. Hambali ya sha alwashi a gaban jama'a cewa ba zai bar makarantar nan ba sai ya ɗauki kofin a ka, tun daga fili har bakin get.

Daga bana ba shi da wata dama, kuma ya san haka.

A gindin mangwaron da ke jikin shagon fotokwafi ake zaman majalisar ƙwallo. Bencin Hambali yana jikin allon sanarwa, kullum ya zauna sai ya jingina bayansa da shi. A nan aka buɗe shari'ar Zayyanu, shi wanda ake ƙara bai ma san ana yi ba.

Rahila ce ta fara magana. 'Yar sashen wasannin motsa jiki ce, ta buga ƙwallo a sakandare, kuma ba ta jin tsoron bakin kowa. Ta ce Allah ne ya dube su. Ta ce Tudu na da gola, tana da 'yan baya, tana da Nazifi a gaba wanda in ya tsinke da gudu babur ne kawai zai kamo shi. Abu ɗaya suka rasa shekara da shekaru: mutumin da zai tsaya a tsakiya ya ga fili gaba ɗaya, ya san inda zai aika ƙwallo. Ga shi ya kawo kansa da ƙafarsa.

Mudi, mataimakin Hambali, mai busa musu ƙaho, ya yi tsaki. Ya ce wannan ai shi ne abin tsoron. Wane mai hankali ne zai bar ƙungiyar da ke cin kofi ya dawo wadda ake ci? Ko dai korarsa aka yi, ko turo shi aka yi. In korarsa aka yi, mai laifi ne. In turo shi aka yi, ɗan leƙen asiri ne. Ya ce kowa ya zaɓi ɗaya.

Hambali ya yage takarda daga bayan littafin darasinsa, ya rubuta sunan Zayyanu a sama, ya ja layi a ƙarƙashi.

Aka fara gasa.

Ya kamata in gaya muku yadda filin Tudu yake, don a nan labarin yake. Daga nesa kore ne shar, gwanin kyau. In ka taka shi ne za ka san ciyawa rufin asiri take yi masa. Gara ta ci ƙarƙashinsa, shanu na ratsa shi lokacin hutu, ruwan sama ya yi masa ƙananan kwari. Ƙwallo in ka gangara ta a ƙasa, ita ke zaɓar inda za ta.

Saboda haka 'yan Tudu, tun na da can, hanya ɗaya suka sani. Ka kira sunan mutum, ya tsaya, ka buga masa ƙwallo da ƙarfi a ƙafa. A wajensu wannan ne ƙwallo. Duk wanda ya aika ta inda babu mutum, ya zubar ne.

Sai ga Zayyanu.

Wasan farko, ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Nazifi na tsaye ya ɗaga hannu yana kira. Zayyanu ya gangara ta can gaba, taku goma daga inda Nazifi yake, wurin da babu kowa sai ciyawa. Golan abokan hamayya ya fito a natse ya ɗauke abarsa.

Hambali ya ja ɗan layi a takardarsa.

Kafin a tashi, layuka tara ne.

Wasa na biyu, goma sha ɗaya.

Tudu na cin wasanninta, amma da ƙyar da jiɓin goshi, ɗaya da nema, ta hanyar bugun kusurwa ko fenareti. Nazifi kuwa, wanda bara ya ci bakwai, ko ɗaya bai zura ba.

Majalisa ta ɗauki zafi. Rahila ta ce ƙwallon Zayyanu ba ɓata take yi ba, 'yan gabansu ne suke tsayawa kamar masu jiran mota. Ta ce mutumin yana aika ta inda ya kamata a je, ba inda ake tsaye ba. Hambali ya ɗaga mata takarda, ya ce ita tana kawo falsafa, shi kuwa ga ƙididdiga: ashirin cif ya miƙa wa abokan gaba a wasa biyu.

Ya tashi takanas ya sami Koci Ishaya, malamin da ke horar da ƙungiyar, ya ce a ajiye Zayyanu a benci. Koci ya saurare shi har ya gama, ya ce masa a hankali, “Ciyaman, ka riƙe gangarka, ni ma in riƙe usur ɗina.”

Wannan magana ta yi wa Hambali ciwo. Ya fito yana tunanin ko shi ma Koci an gama da shi.

Kun san zuciya in ta riga ta yanke hukunci, shaida ba ta yi mata wuya.

Zayyanu ba ya tsalle in an ci ƙwallo, tafawa biyu yake yi ya koma tsakiya. Shaida.

An sa shi a zauren magoya baya na waya, yana karantawa ba ya cewa uffan. Shaida.

An gan shi da golan Gangare suna shan ruwan leda suna dariya bayan wani wasa. Babbar shaida.

Sannan kullum bayan atisaye sai ya ja Nazifi gefe, yana nuna masa wurare a fili da yatsa, suna magana ƙasa-ƙasa. Mudi ya ce shi ke nan, ya fara saye musu 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka Mudi ya zo da labarin da ya fi kowanne. Bai faɗa a majalisa ba, sai da ya ja Hambali bayan shago. Ya ce kwana biyu ke nan, in an idar da sallar asuba, Zayyanu ba ya komawa ɗaki. Buhu yake saɓawa ya nufi fili shi kaɗai.

Washegari Hambali ya riga shi. Ya laɓe a bayan shingen gonar makaranta, raɓa na jiƙa masa wando.

Gari ya fara haske sai ga Zayyanu, buhu a kafaɗa, 'yar fartanya a hannu, gorar ruwa a hammata.

Ya tsaya a tsakiyar fili. Ya fara takawa a hankali, bakinsa na motsi. Ya yi taku kamar ashirin ya tsaya. Ya durƙusa. Ya sa fartanya ya ɗaga ciyawa da saiwarta, ya ajiye gefe. Ya kwance bakin buhu, ya zuba wani abu a ramin, ya daddanna da hannu. Ya mayar da ciyawar, ya yayyafa ruwa, ya hau kai ya tattake.

In ba ka ga lokacin da ya yi ba, ba za ka taɓa cewa an taɓa wurin ba.

Tsoro Hambali ya ji, na gaske, har tsigar jikinsa ta tashi. Amma can ƙasan tsoron akwai wani daɗi, daɗin mutumin da aka daɗe ana ƙaryatawa yau ya ga abu da idonsa.

Safiya huɗu yana zuwa laɓe. Ya zana filin a takarda, yana sa alama duk inda Zayyanu ya durƙusa, har da wuraren da ya ga yana komawa ya ƙara tattakewa. Goma sha huɗu ya samu. Bakwai a gaban wannan raga, bakwai a gaban waccan, dukkansu daidai inda ɗan gaba ke bi in zai shiga gidan gola.

Ai lissafi ya fita. Ko ta wane gefe Tudu ta kai hari, ƙafar 'yan gabanta a ɗaure take. Ga dalilin da ya sa Nazifi ya daina ci.

Ya nuna wa Rahila zanen, yana jiran ta ba shi haƙuri. Ta duba, ta ce gaskiya ita ma ba ta san mene ne ba. Amma tunda ɗakin Zayyanu bai fi taku hamsin daga nan ba, me zai hana ya je ya tambaye shi?

Hambali ya yi dariya. Ya ce wanda ya binne abu da asuba, shi ne zai gaya maka da hantsi?

Ta ce to ya gaya wa Koci. Ya ce Koci ya riga ya nuna masa inda ya tsaya.

Tudu ta tsallake wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenareti. Gangare ta lallasa nata abokan karawar uku da nema. Kamar yadda kowa ya zata, su biyun ne za su haɗu ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe aka yi atisayen ƙarshe. Daga nan Koci Ishaya ya killace 'yan wasansa a ɗakin taro na sashen wasanni, ya karɓe wayoyinsu, ya ce in ban da masallaci babu mai zuwa ko'ina sai lokacin wasa.

Hambali ya ga dama ta samu.

Bayan la'asar, fili babu kowa, ya zo da Mudi da wasu amintattu huɗu, kowa da fartanyar da ya aro. Ya buɗe zanensa. Suka yi bismilla suka fara daga alama ta ɗaya.

Suka ɗaga ciyawa. Babu laya. Babu ƙaho, babu ƙwai, babu allura. Yashi ne kawai, mai laushi, gauraye da jar ƙasa, an danne shi ya yi tauri.

Hambali ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina. Ƙamshin bakin kogi ya ji. Wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya, kamar ya ce a dakata.

Mudi ya riga shi. Ya ce ai manyan bokaye ba sa binne abin da ido zai gani, yashin ne aikin, wa ya san daga inda aka ɗebo shi da abin da aka tofa a ciki? Kuma kogin nan ba ta ƙofar Gangare yake wucewa ba?

Shi ke nan, ɗan abin da ya taɓa zuciyar Hambali ya kwanta.

Suka kwashe yashin tas. Don kada a bar saura, suka ƙara zurfi. Alama ta shida, wadda ke daf da layin gidan gola ta ɓangaren gabas, ta fi kowacce yawan yashi, Hambali da kansa ya tone ta har hannunsa ya shige zuwa gwiwa. Suka zuba yashin a buhu suka juye a kwarin bayan shinge. Suka tura 'yar ƙasar da ta rage da ƙafa, suka ɗora ciyawa a kai.

Duka goma sha huɗun.

Hambali ya koma ɗaki tafin hannunsa ya yi bororo, amma zuciyarsa wasai. A ganinsa ya yi wa makarantarsa aikin da ba wanda zai taɓa sani balle ya gode masa.

Kafin wayewar gari aka yi ruwa mai ƙarfi.

Asabar da yamma filin Tudu ya cika maƙil. Har kan katanga mutane ne, har kan bishiya. Kofi na kan tebur an ɗaura masa ƙyalle. Hambali ya ɗaure kai da jan ƙyalle, ganga a hammata, Mudi na gefensa da ƙaho.

Aka busa usur.

Jama'a na kallon ƙwallo, Hambali na kallon Zayyanu.

Tsofaffin abokansa ba su raga masa ba. Minti goma ba a yi ba sun kai shi ƙasa sau uku, ƙwaurinsa na jini. Ya tashi ya gyara safa ya ci gaba. Mudi ya raɗa wa Hambali cewa wasan kwaikwayo ne, sun shirya abinsu.

Wajen minti na talatin, Zayyanu ya gangara irin ƙwallon nan tasa, can gaba inda babu kowa. Sai dai yau wani sabon abu ya faru. Nazifi bai tsaya ɗaga hannu ba. Ya riga ya tsinke da gudu.

Saura taku biyu ya same ta, ƙwallon ta yi tsalle gefe kamar an ture ta, ta fita waje.

Zayyanu ya tsaya cak, ya riƙe ƙugu, ya ƙura wa wurin ido. Mamaki ne ƙarara a fuskarsa.

Hambali ya dafa kafaɗar Mudi. Ya ce ka gani, ya gane an karya masa aiki. Ya ƙara wa ganga wuta.

Ko a ransa bai tambayi kansa ba: in an karya aikin, me ya sa ƙwallon ta guje wa Nazifi?

An dawo hutun rabin lokaci, Gangare ta zura ɗaya da ka daga bugun kusurwa. Filin ya yi tsit, sai 'yan tsallaken kogi ke rawa a ɓangarensu.

Tudu ta taso da ƙarfinta. Ta leƙo ta koma, ta leƙo ta koma. Sau biyu Zayyanu na aika ƙwallo, sau biyu tana yin abin da ta ga dama a hanya. Ya fara ɗaga ta sama, abin da ba ya yi, 'yan bayan Gangare dogaye suna mayarwa da ka.

Saura minti ɗaya.

Zayyanu ya ƙwace ƙwallo a tsakiya. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu. Bai ko ɗaga kai ba. Ya shafa ta da cikin ƙafa, a ƙasa, ta ratsa tsakanin 'yan baya biyu.

Nazifi ya riga ya tashi tun kafin ta bar ƙafarsa. Babu satar gida. Gola ya makara a kan layinsa.

A wannan daƙiƙar ce Hambali ya ga abin da Rahila ta yi mako uku tana faɗa. Ƙwallo na tafiya ta nan, mutum na tahowa ta can, kuma akwai wuri ɗaya da za su haɗu. Bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a filin Tudu ba. Hannunsa ya tsaya a kan ganga.

Sai ya gane wurin.

Daf da layin gidan gola, ɓangaren gabas.

Alama ta shida.

Ƙwallon ta isa, ta nutse kaɗan, ta yi tsalle hagu. Ƙafar Nazifi ta dama ta sauka a kan ciyawar, ciyawar ta burma da shi har idon sawu. Ya kifa da fuska. Ƙarar da ya yi har inda Hambali yake an ji ta.

Gola ya zo ya ɗauki ƙwallo. Alƙali ya duba agogo ya busa tashi.

An fitar da Nazifi a kan makara ta 'yan agaji, yana rufe da fuska. Gangare ta ɗaga kofi a tsakiyar filin Tudu, shekara ta goma.

Jama'a suka watse, kowa na zagin filin, wasu na zagin Zayyanu.

Shi kuwa bai bi 'yan wasa ba. Ya taka zuwa inda Nazifi ya faɗi, ya durƙusa, ya ɗaga ciyawar. Ya zura hannu, hannun ya shige cikin taɓo har gwiwa. Ya matsa wani wurin, ya ɗaga. Haka. Ya matsa na uku.

Hambali ya taho a hankali, ganga a hammata. Ku yarda da ni, har a lokacin yana fatan a ce shi ne mai gaskiya, don ɗayan zancen ya fi ƙarfin ɗaukarsa.

Ya tsaya a kansa.

“Malam Zayyanu, tsakaninka da Allah, me ka binne a nan?”

Zayyanu bai ɗago ba. “Yashi.”

“Yashi kawai?”

“Yashi da jar ƙasa. Ramukan gara ne, Ciyaman. Mako uku ina ɗebowa daga kogi ina cikewa, don ƙwallo ta gangara daidai Nazifi ya same ta a guje. Jiya da safe ƙalau na bar su.” Sai ya ɗago, idonsa jajir. “Kai da ba abin da ke wuce ka a filin nan, ba ka ga wanda ya tone su ba?”

Hambali ya dubi tafin hannunsa. Bororon jiya ya fashe saboda kiɗa.

“Ni ne.”

Zayyanu bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya goge taɓon hannunsa a jikin riga ya miƙe.

“Da ka tambaye ni, da na ba ka buhu ɗaya ka taya ni ɗauka. Yana da nauyi.”

Ya wuce asibitin makaranta wajen Nazifi.

Daga baya komai ya fito, kuma babu ko ɗaya da yake sirri ne.

Koci Ishaya ya san da aikin, shi ne ma ya ba da fartanyar. Nazifi ya sani, wuraren ne ake nuna masa da yatsa bayan atisaye, yana haddace su. Da asuba Zayyanu ke yi saboda ciyawar da aka ɗaga ba ta son rana, aikin gona yake karanta, ya san haka. Motsin bakin da Hambali ya gani kuwa, taku yake ƙirgawa.

Dalilin canjin makarantar fa?

An rufe sashen aikin gona na Gangare, aka rarraba ɗalibansa. Su goma sha biyu aka kawo Tudu, Zayyanu na tara a jerin. Takardar na manne tun makon farko a allon sanarwa na jikin shagon fotokwafi.

Allon da Hambali ke jingina bayansa da shi kullum yana yanke hukunci.

Rahila ce ta kama hannun rigarsa ta juyo da shi ya karanta.

Nazifi ya yi mako shida da filasta, da sanda ya shiga ɗakin jarrabawa. Hambali ya je neman gafara. Nazifi ya ce ya yafe, amma bango yake kallo lokacin da ya faɗa.

Mudi ya ce shi dama tun farko bai gamsu da tonon ba.

Makon ƙarshe kafin ya bar makaranta, an riƙa ganin Hambali da sassafe yana hawowa daga kogi, buhu a ka, wuyansa na rawa. Sau goma sha huɗu ya yi sawu. Bai iya aikin ba, Zayyanu ne ya bi baya ya gyara bayan ya tafi.

Ya yi alwashin ɗaukar kaya a ka a makarantar nan, kuma ya ɗauka. Sai dai ba kofi ba ne, kuma babu mai kaɗa masa ganga.

Darasi:

Hambali ba mugu ba ne. Son makarantarsa yake yi, so na gaske. Ya tashi da asuba sau huɗu don ya yi laɓe, ya yi zane, ya aro fartanya, ya tona rami goma sha huɗu. Duk wannan wahalar ya iya. Taku hamsin zuwa ƙofar mutum ya ce “me kake yi?” ita ce ta gagare shi, don yana tsoron amsar za ta raba shi da zarginsa.

Akwai wani a wurin aikinka, ko a unguwarku, ko a cikin danginku, da yake yin abu ba yadda kuka saba ba, kun sa masa ido kuna tara shaida. Wataƙila kuna da gaskiya. Wataƙila kuma ramin da za ku faɗa yake cike muku.

Kafin ka ɗauki fartanya, je ka tambaya.

Ka tura wannan zuwa zaurenku na ƙwallo, da na ofis, da na 'yan'uwa. In kuma tun kana tsakiyar karantawa sunan wani ya faɗo maka a rai, kada ka tura masa. Kira shi.